Tafkin Hood: Inda Mota Ke Tsayawa Jirgin Sama Ya Wuce

Da hantsi ne, a makon ƙarshe na watan Satumba, direban tasin da ya ɗauko ni daga masaukina a birnin Ankorej ya taka birki a tsakiyar hanya, alhali ba ɗan sanda, ba danja, ba kuma wata mota a gabanmu. Ina shirin tambayarsa ko lafiya, sai na ga abin da ya tsayar da shi. Wani ƙaramin jirgin sama ne ya fito daga wani lungu, farfelarsa na juyawa, ya hau kwalta ya bi ta gabanmu a hankali kamar mai zuwa cefane. Matuƙinsa ya ɗaga mana hannu, direbana ya ɗaga masa, muka ci gaba da tafiya. A gefen hanyar kuwa ga allo an kafa, an rubuta cewa jirgi shi ke da hanya, mai mota da mai keke da mai tafiya a ƙasa sai su dakata.

Wannan shi ne Tafkin Hood, a jihar Alaska ta ƙasar Amurka, kuma babu wani tafki a duniya da jiragen sama ke sauka su tashi a kansa kamar wannan. Idan aka kasa zirga-zirgar shekara bisa kwanaki, ana samun sauka da tashi wajen 190 a kowace rana, amma wannan lissafin ya haɗa da watannin sanyi da ba a cika motsi ba, saboda haka a tsakiyar lokacin ɗumi abin ya ninka haka. Jiragen da ke kwana a bakin tafkin da kewayensa ɗaruruwa ne. Ni kuwa ba ƙidayar jirage ta kai ni ba. Abin da na je gani shi ne yadda ake fitar da su daga ruwa a kai su tudu, da yadda ake mayar da su, da kuma abin da mai jirgi yake biya kafin a yi masa wannan hidima.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa mutanen wannan jiha suka mai da jirgin sama abin hawan yau da kullum. Alaska ta kusa ninka Nijeriya a faɗin ƙasa, amma da aka yi ƙidaya a 2020 mutanenta ba su kai 740,000 ba, kuma wajen kashi biyu cikin biyar na waɗannan a Ankorej suke zaune. Amurka ta saye ta daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, ta zama cikakkiyar jiha a 1959. Fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwanta da ƙauyukanta babu hanyar mota da ta haɗa su da sauran ƙasa. Kai, ko Juno, babban birnin jihar, ba a shigarsa da mota, sai ta sama ko ta teku. Abin da ƙasar take da shi a yalwace shi ne ruwa, tafkuna da koguna barkatai. To, wanda ba shi da titi amma yana da tafki a ƙofar gida, ai ba sai an gaya masa abin da zai yi ba.

Tafkin da ake kira Hood a yau asalinsa tafkuna biyu ne, Hood daga yamma, Spenard daga gabas. Na gabas ɗin ya samo sunansa daga wani ɗan kasuwa, Joe Spenard, wanda ya kafa wurin shaƙatawa a bakinsa a 1916, wuta ta cinye wurin a 1917. A wajen 1940 aka haƙa mashigi aka haɗe tafkunan domin jirgi ya sami isasshen wurin gudu kafin ya ɗaga, sa'an nan cikin shekarun 1970 gwamnatin jiha ta ƙara haƙa, ta fitar da waɗansu 'yan lunguna kamar yatsun hannu domin a ƙara wuraren ɗaure jirage. A arewacin tafkin akwai titin tsakuwa mai tsawon ƙafa 2,200 domin jirage masu taya. Daga kudu da yamma kuwa, katanga ɗaya ce tsakaninsa da babban filin jirgin sama na Ted Stevens, inda manyan jiragen kaya masu zirga-zirga tsakanin Asiya da Amurka ke sauka dare da rana su sha mai. Gwamnatin jiha ce ke da filin, ita ce kuma ke da tafkin, kuma daga hasumiya ɗaya ake ba giwa da zomo umurni.

Jirgin da ba ya iya tafiya a ƙasa

Jirgin ruwa na sama, in mai karatu ya yarda mu kira shi haka, jirgi ne kamar kowane ƙaramin jirgi, sai dai an cire masa tayoyi an ɗaura masa waɗansu kwale-kwale biyu dogaye a ƙarƙashi, yawanci na gorar ruwa, rufaffu ta ko'ina. Bafaranshe ne, Henri Fabre, ya fara tashi daga kan ruwa, ran 28 ga watan Maris 1910, a wani tafki kusa da Marseille. Tun daga lokacin dabarar ba ta sake ƙwarai ba. Ka'idar ƙera su a Amurka ta daɗe da tanadin cewa kwale-kwalen biyu su iya ɗaukar nauyin jirgin da cikakken lodinsa har da rarar kashi 80 cikin 100, kuma a raba cikin kowanne gida-gida, aƙalla huɗu, domin in ɗaya ya huje sauran su riƙe. Duk da haka ruwa ba ya rasa ta inda zai shiga. Shi ya sa kowace safiya za ka ga matuƙa sun durƙusa a kan kwale-kwalensu da ɗan famfon hannu, suna bi gida-gida suna zuƙe ruwan da ya tsattsafo da dare. Wanda ya yi ƙyuya ya tashi da ruwa a ƙafa, ya ɗauki nauyin da bai san da shi ba.

A kan ruwa jirgin nan gwanin ban sha'awa ne. Yana farawa da huɗa kamar garma, hanci sama, ruwa na tsagewa gefe da gefe, har ya kai gudun da zai hau kan wata 'yar gaɓa da aka yi a cikin kwale-kwalen, daga nan sai ya riƙa sulɓi a bisa fuskar ruwan, ya ɗaga. Abin mamaki, ranar da ruwa ya kwanta lumui kamar madubi ita ce ranar wahala, gama ruwan yakan riƙe kwale-kwalen ya ƙi saki, wajen sauka kuma matuƙi ba ya iya gane nisan da ke tsakaninsa da shi. Ba shi da birki. In ya nufo gaɓa sai a kashe inji tun daga nesa a bar shi ya ƙaraso da kansa, matuƙi ya fito da igiya a hannu, wani lokaci har da filafili kamar masunci.

Amma da zarar ya taɓa tudu, shi ke nan, ya zama kifi a kan yashi. Ba ya gaba, ba ya baya. Jirgin da ɗazu ya ƙetare duwatsu masu ƙanƙara ba zai iya matsawa taku ɗaya zuwa rumfar makaniki ba sai an ɗauke shi. A nan ne sana'ar da na je gani ta samo asali.

Na sami wuri na zauna kusa da wani gangaren kankare da ya nutsa cikin tafkin, irin wanda a bakin kogi za mu kira kwata. Ba a jima ba sai ga wata a-kori-kura ta zo da baya-baya, tana tura wata doguwar tirela maras gado, mai siffar cokali mai yatsu. Direban ya tura ta cikin ruwa har tayoyinta suka ɓace. Mai jirgi, da dogon takalmin roba har cinya, ya jawo jirginsa da igiya ya daidaita shi, tirelar ta shige tsakanin kwale-kwalen biyu. Direba ya taɓa wani ƙarfe, hannuwan tirelar suka ɗago suka tokare sandunan da suka haɗa kwale-kwalen, jirgi ya tashi daga ruwa yana ɗiga. Aka ja shi sannu a hankali aka hau hanya, mutum guda na tafe a gefe yana duba bakin fiffike kada ya daki allo ko reshen itace. Duka-duka aikin bai kai minti 15 ba. Ina nan zaune aka fitar da huɗu, kowanne mai shi ya bi bayansa a ƙasa yana kallonsa kamar wanda aka kama wa doki za a kai asibitin dabbobi.

A nan ne ma na sha kunya. Na matsa kusa domin in ga yadda hannuwan tirelar ke kamawa, ban lura na tsaya daidai gaban farfelar wani jirgin da ke gefe ba. Wani dattijo ya daka mini tsawa, ya yafito ni, ya nuna mini cewa ko inji a kashe yake ba a tsayawa nan, domin irin waɗannan injuna in wata 'yar waya ta tsinke, juya farfela kaɗan ya isa su tashi. Na ba da haƙuri na koma mazaunina. Daga baya shi ne ya zama malamina na wannan yini, kuma yawancin abin da na fahimta game da kuɗaɗen wurin, a bakinsa na fara jin kan zaren.

Ba ko'ina ake amfani da irin wannan tirela ba. A filin jirgin sama na Bankuba a Kanada, da na Renton kusa da Siyatil, akwai waɗansu motoci da duk wanda ya gan su sai ya yi dariya: an yanke rabin motar na baya an yar, an bar kai da inji da tayoyin gaba, an haɗa mata doguwar tirela a goshi. Rabin mota ke nan tana ɗauke da jirgi sukutum. A waɗansu wuraren kuma babbar motar ɗaga kaya mai cokali ce ke tsamo jirgin ta ajiye a tudu.

Gudun ƙanƙara

Me ya sa ake wannan wahala? Amsar tana sararin sama. A Ankorej, ranar da ta fi kowace tsawo a watan Yuni takan wuce awa 19, wadda ta fi gajarta a watan Disamba kuwa ba ta kai awa 5 da rabi ba. Daga watan Oktoba tafkin yakan fara daskarewa daga baki-baki, kuma ba ya sakin jiki sai wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi. Jirgin da aka bari a ciki, ƙanƙara za ta matse kwale-kwalensa ta lauye su, ɗan ruwan da ya rage a cikinsu kuma ya daskare ya farke ɗinkin ƙusoshi. Kwale-kwale sababbi kuwa kuɗinsu ya isa sayen mota mai kyau, wani lokaci ma fiye. Saboda haka kowa yana kallon sama yana lissafi. In ka fita da wuri ka yi asarar kwanakin farauta na Satumba, lokacin da mutane ke shiga daji neman naman da iyali za su ci har sanyi ya wuce. In ka yi jinkiri ka tarar da layi a kwata, ko ka wayi gari ka ga ƙanƙara ta riga ka.

Bayan an fitar da jirgi sai a kai shi inda za a rataye shi da ƙugiya, a kwance kwale-kwalen, a ɗaura tayoyi. Waɗansu sukan sa manyan tayoyi masu taushi domin sauka a kan tsakuwar bakin kogi. In ƙanƙarar tafkin ta yi kaurin da za ta ɗauki nauyi, sai a ɗaura allunan sulɓi a koma kan tafkin, wanda a lokacin ya zama fili fetal, hukumar filin na share shi tana daddaɓe shi. Watau jirgi guda yakan sake takalmi sau biyu ko uku a shekara, kuma kowane sauyi da kuɗinsa.

Kada a ɗauka aikin sauya takalmin nan wasa ne. Nauyin jirgi da inda nauyin ya rinjaya duk sukan sake, kuma doka ta ce sai makaniki mai lasin ya sa hannu a littafin jirgin. Mutanen Alaska ba su manta da Wiley Post ba, mutumin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai a jirgin sama a 1933. A 1935 aka ɗaura wa jirginsa kwale-kwale a Renton, ya nufo arewa tare da shahararren ɗan barkwancin nan Will Rogers. Ran 15 ga watan Agusta, suna tashi daga wani ruwa kusa da Point Barrow, inji ya ɗauke, jirgin ya kifa, duka biyu suka mutu. An daɗe ana gardama a kan ko kwale-kwalen da aka sa masa sun sa kansa ya yi nauyi fiye da kima. Tashar jiragen ruwa ta Renton sunan mutanen nan biyu take ɗauke da shi.

To, wanda jirginsa ke filin da babu tafki kusa fa? A nan ne ake yin abin da, in ba don na ga hotonsa mai motsi ba, da na ce tatsuniya ce. Makaniki yakan ɗaura kwale-kwalen a rumfarsa, a ɗora jirgin a kan tirela ba tare da an ɗaure shi tamau ba, a kai shi bakin titin tashi. Matuƙi ya ba inji wuta, direban a-kori-kura shi ma ya taka totur iyakar ƙarfinsa, su yi ta gudu tare har iska ta cika fukafukai, jirgi ya ɗaga daga kan tirelar ya wuce ta bisa kan motar, ya tafi neman tafki. In kaka ta yi kuma, sai ya dawo da sassafe lokacin da raɓa ta jiƙa ciyawar gefen titi, ya sauka a kanta da cikin kwale-kwalen, ya yi sulɓi ya tsaya, a zo da tirela a kwashe shi. Ba kowane shugaban fili ke yarda da wannan ba, wanda ya yarda kuma yakan nemi a nuna masa takardar inshora, domin tilas a tsayar da sauran jirage har a gama. Alherin Tafkin Hood ke nan: ruwa da titin tsakuwa da babban fili duk suna manne da juna, mai jirgi yakan sauka da taya a tsakuwa, a sa masa kwale-kwale, a tura shi ruwa a yini guda. Akwai ma hanyar da ta haɗa tafkin da babban filin, mai ƙofofin da ke buɗe wa jirgi su tare motoci.

Akwai kuma masu halin kada, watau jiragen da aka ɓoye tayoyi a cikin kwale-kwalensu, su sauka a ruwa su sauka a tudu. Waɗannan ba ruwansu da mai tirela. Sai dai kwale-kwalensu sun fi tsada, sun fi nauyi, don haka lodin da jirgin zai ɗauka ya ragu, kuma suna da wani tarko: matuƙin da ya manta ya sauka a ruwa tayoyi na waje, jirgin kifewa yake yi nan take. Masu inshora sun san da haka, kuma sun sa shi cikin lissafinsu.

Kuɗin turke

Yanzu sai maganar aljihu. Wurin da ake ɗaure jirgi a bakin tafkin, bari mu kira shi turke, ɗan fili ne da bai fi a ajiye mota biyu ko uku ba, da ɗan gangare na katako inda ake jawo gindin kwale-kwale, da 'yar bukkar ajiye jarkoki da igiyoyi. Ba a sayar da shi. Na gwamnatin jiha ne, izini take bayarwa, a riƙa biyan kuɗi bisa wata. Kuma ba kowa ake ba wa ba: sai mai lasin tuƙi wanda ya ci jarrabawar sauka a ruwa, yana da jirgi nasa ko yana da rabo a cikinsa, kuma yana tashi da shi a kai a kai, ba ya mai da turken ɗakin ajiya ba. Masu nema sun fi turakun yawa nesa ba kusa ba, saboda haka akwai jerin sunayen masu jira, kuma cikin shekarun 2010 an yi ta ba da labarin cewa jiran yakan kai shekara 10. Zama cikin jerin ma ba kyauta ba ne, ana biyan ɗan wani abu a sabunta, wanda ya yi sake ya koma baya.

Dattijon nan ya ce mini, da na ji shi da kyau, kuɗin turken ba shi ne ke karya mutum ba, jiran ne. Saurayin da ya sami lasin yau, in ya rubuta sunansa, sai 'ya'yansa sun shiga makaranta kafin a kira shi. Kafin nan sai ya kama haya a hannun kamfanonin da ke da filaye a bakin tafkin, a kan farashin kasuwa, ko ya ajiye jirginsa a tudu ya riƙa biyan mai tirela duk ranar da zai tashi, shiga kuɗi, fita kuɗi. Baƙon da ya zo daga wani gari yana da wurin da aka keɓe masa, yana biya bisa kwana.

Na yi ta juya wannan magana a raina. Gwamnati ta sa kuɗin turke ƙasa da abin da kasuwa za ta yanka, domin kada tafkin ya zama na attajirai kaɗai, kuma wannan niyya ce mai kyau. Amma abin da ya yi araha ba a sakinsa. Wanda ya samu yakan riƙe har tsufa, wanda bai samu ba ya biya ninki a wani wuri. In an ƙara kuɗin, malamin makaranta da makanikin da suka yi shekaru suna tari suka sayi tsohon jirgi su ne za su fara fita. In an ce a ƙara haƙa turaku, mazauna unguwannin Spenard da Turnagain, waɗanda rurin injuna ke tashe su tun da asuba a watannin da rana ba ta son faɗuwa, za su ce a kai kasuwa. A ganina sharaɗin nan na cewa sai kana tashi za ka riƙe turke shi ne mafi adalci a cikin dokokin, muddin ana bin sa a kan kowa.

Bayan turke, sauran kuɗaɗen suna zuwa ne ɗaya bayan ɗaya kamar masu karɓar bashi. Mai tirela ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, yana yanka ladansa bisa kowace ɗauka, babban jirgi da nasa farashi, ƙarami da nasa. Makaniki bisa awa yake lissafi, ga kuɗin ƙugiya, ga kuɗin ajiye kwale-kwalen a fili har bazara. Kowace shekara tilas a yi wa jirgi binciken ƙwaƙwaf, shi ya sa masu dabara sukan haɗa binciken da sauyin takalmi domin a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A kan kowane galan na mai akwai ɗan abin da ke shiga asusun filin. Man kuwa ba kaɗan ake sha ba. Jirgin da ake kira Beaver, wanda kamfanin de Havilland na Kanada ya fara tayarwa a 1947, ya ƙera 1,657 kafin ya daina a 1967, yana da inji mai ƙarfin doki 450, kuma yana shan fiye da galan 20 a awa guda. Mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara 55, amma har yanzu su ne jakunan wannan tafki, tare da ƙananan Cessna da Piper Super Cub. Manyan jiragen kaya na maƙwabta kuwa bisa nauyi suke biyan kuɗin sauka, kowane fam 1,000 da abin da aka yanka masa.

Duk waɗannan kuɗaɗe ba a aljihun mai jirgi suke tsayawa ba. In jirgin na haya ne, suna bin buhun gari da katan ɗin madara da gangar mai har ƙauyen da za a sauke su, mai saye ya biya a kanti. Wanda bai taɓa ganin Tafkin Hood ba yana biyan ladan mai tirela bai sani ba.

Akwai kuma abin da jirgi ke ɗauka wanda ba a rubuta shi a takardar lodi ba. A 2015 aka gano wata ciyawar ruwa da ake kira Elodea a cikin tafkin, irin wadda ake sa wa cikin akwatin gilashi na kiwon kifin ado. Ɗan guntunta in ya maƙale a 'yan filafilan juya akala da ke bayan kwale-kwale, ya isa ya tsiro a wani tafki mai nisan ɗaruruwan mil, ya cika shi, ya ɓata wa kifin salmon wurin ƙwai. Tafkin da jirage ke tashi daga cikinsa zuwa ko'ina a jihar shi ne wuri mafi muni da za a sami irin wannan baƙuwa. Hukuma ta zuba magani a ruwan cikin wannan shekara, aka kuma gargaɗi matuƙa su riƙa duba ƙafafun jiragensu, su ɗaga filafilan su sauke bayan sun tashi domin ciyawar ta kakkaɓe a inda aka ɗauko ta. Wannan ma wani kashe kuɗi ne da ba wanda ya yi kasafinsa. Tsuntsaye kuwa tsohuwar rigima ce. A tsakiyar mashigin akwai ɗan tsibiri inda tsuntsayen teku ke ƙwai, suna barazanar faɗa wa farfela, har a farkon shekarun 1990 aka kai aladu uku aka sake a kansa domin su cinye ƙwan.

Da la'asar na ratsa ta gidan tarihin jiragen sama da ke kudancin tafkin, inda aka ajiye tsofaffin jiragen da suka buɗe wannan ƙasa. Daga hasumiyar da ke harabarsa ana ganin tafkin gaba ɗaya, da dogayen wutsiyoyin jiragen kaya a bayansa. Ted Stevens, wanda aka sa wa babban filin sunansa a 2000, ya yi shekara 40 yana wakiltar Alaska a majalisar dattawan Amurka. A 1978 ya tsira daga haɗarin jirgi a wannan fili, matarsa ta rasu a ciki. Ran 9 ga watan Agusta 2010 shi ma ya rasu, a cikin jirgi mai kwale-kwale irin mai halin kada, wanda ya daki dutse kusa da garin Dillingham a kan hanyar zuwa kamun kifi. A ƙasar nan kusan kowa yana da irin wannan labari a danginsa ko a maƙwabtansa, kuma washegari a tashi.

Na koma kwata kafin duhu in yi sallama da dattijon. Na tarar layinsa ya zo, jirginsa na bisa tirela yana ɗiga, shi kuma yana biye da shi da buta a hannu. Ya bi gidajen kwale-kwalen ɗaya bayan ɗaya ya zuƙe ruwan da ya rage, ya tsiyaya musu maganin hana daskarewa, ya mayar da marafai. A kan duwatsun Chugach da ke gabashin birnin farar ƙanƙara ta riga ta sauko rabin hanya. Ya nuna mini ita da haɓa, ya zaro walat, ya ƙirga wa mai tirela kuɗinsa, suka tsayar da maganar sake haɗuwa a wannan gangare cikin watan Mayu.